Zaton Manya, Ran Talakawa

Daga unguwar Briketeri, inda Hausawan Yawunde suka yi zango tun zamanin kakanni, zuwa Fadar Taro da ke bisa tudu a wajen Tsinga, ba tafiya mai nisa ba ce. A ƙasa akwai shagunan atamfa da shadda, da teloli, da hayaƙin masu tsire da maraice. A sama akwai babban ginin da 'yan ƙasar Sin suka gina, aka buɗe shi a 1982, inda manya suke zama su yanke shawara a kan abin da zai sami na ƙasa.

A ranar 8 ga Yuli 1996 shugabannin Afirka suka hallara a Yawunde domin taro na 32 na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. A wannan rana wasu ƙasashen Afirka ta Tsakiya suka sa hannu a kan wata yarjejeniya, kowace ta yi alkawari ba za ta kai wa maƙwabciyarta hari ba. A wannan rana kuma, can a birnin Heg, Kotun Duniya ta ba da ra'ayinta a kan wata tambaya da Majalisar Ɗinkin Duniya ta kai mata, wato ko doka ta yarda wata ƙasa ta yi amfani da makamin nukiliya, ko ta yi barazana da shi. Alƙalai duka suka yarda wajibi ne ƙasashe su yi shawara da zuciya ɗaya har su kai ga kawar da makaman. Amma a kan gundarin tambayar suka rabu bakwai da bakwai, sai da shugaban kotun, Mohammed Bedjaoui, mutumin Aljeriya, ya raba gardama da ƙuri'arsa. Abin da ya fito shi ne, yin amfani da makamin ya saɓa wa dokokin yaƙi a galibi, amma kotu ba ta iya yanke hukunci ba a kan ƙasar da ranta yake a bakin halaka.

Takardu biyu ke nan a rana ɗaya, kowace kuma tana zaune a kan wani zato. Ta Yawunde ta ɗauka cewa sa hannun shugaba zai riƙe sojansa. Ƙofar da kotun Heg ta bari a buɗe kuwa, ƙasashe masu makamin sun daɗe suna tsaye a cikinta da nasu zaton, cewa tsoron bom ne yake tsare duniya. Tambayar da ta dace da mai tunani ita ce, daidai ne mutum ya jingina ran dubban mutane a kan abin da bai gwada ba? In kuwa gwajin kansa halaka ne, yaya za a yi?

Ba wanda yake rayuwa ba tare da zato ba. Mai sayar da atamfa a Briketeri da ya ba tela kaya bashi, ya ɗauka telan zai biya. Amma a lura da yadda yake yi. Yakan fara da turmi ɗaya, ya ga ko kuɗi za su dawo, sa'an nan ya ƙara. Yakan tambayi waɗanda suka san telan. In zaton ya karye, asarar a aljihunsa take, kuma gobe ba zai sake ba. Abu uku ne suke kiyaye shi: yana gwadawa da kaɗan, yana jin maganar wasu, shi ne kuma mai ɗaukar hasara. A sha'anin manyan ƙasashe, sau da yawa ukun nan duka babu su. Wani ne yake zato, wani dabam yake biya.

Mutanen wannan yanki sun ɗanɗana haka tun farkon 'yancin kai. Kamaru ta sami 'yanci ranar 1 ga Janairu 1960. Bayan mako shida, ranar 13 ga Fabrairu, Faransa ta tayar da bom ɗinta na fari a kusa da Reggan, cikin hamadar Aljeriya, mai ƙarfi fiye da na Hiroshima har ninki uku ko huɗu. Dalilin zaɓen wurin shi ne wai hamada fili ce, ba kowa a cikinta, iska kuma za ta watsar da ƙurar ba tare da cutar da kowa ba. Ba a tambayi mazauna dausayoyin yankin ba, ba a tambayi Buzaye masu raƙuma ba. Ba a kuma tambayi duk wanda ya taɓa share hazon hunturu daga tabarmarsa a Agadas ko Kano ko Marwa ba, gama da ya faɗa musu cewa ƙurar hamada ba ta san iyaka ba. A 2014 wata jarida a Faransa ta buga taswirar soja da aka daɗe ana ɓoyewa, wadda ta nuna gajimaren wannan gwaji ya kai Injamena, ya kai Bamako, cikin 'yan kwanaki kaɗan.

Akwai waɗanda suka yi magana tun kafin abin ya faru. A ƙarshen 1959 wata tawaga ta tashi daga Akkara da nufin ta bi ta ƙasa har wurin gwajin, ta zauna a can. A cikinta akwai Michael Scott, limamin Ikkilisiyar Angalikan, da Bayard Rustin daga Amurka, da 'yan Afirka da dama. Hukumomin Faransa suka tare su a ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso, suka komar da su. A Janairu 1961, bayan gwaji na uku, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta sallami jakadan Faransa daga Legas. Duk da haka gwaji ya ci gaba har 1966, guda 17 ke nan, huɗu a sarari, 13 a cikin dutse a In Ekker. Da aka koma cikin dutse sai aka ce yanzu kam ƙura ba za ta fita ba. Ranar 1 ga Mayu 1962 dutsen ya tsage, gajimare ya fito ya rufe sojoji da ma'aikata da ministocin Faransa biyu da suka zo kallo. Sau ɗaya ke nan da masu zaton suka tsaya a inda ƙurar take sauka.

Wannan zato na fari ba shi da wuyar hukuntawa, domin ana iya gwada shi da tambaya kawai, aka ƙi. Na biyu ya fi shi nauyi ƙwarai, bai kuwa kamata a yi masa gaggawa ba.

Masu wannan ra'ayi suna cewa, tun daga 1945 manyan ƙasashe ba su gwabza yaƙi kai tsaye a tsakaninsu ba, bayan sun yi haka sau biyu cikin shekara 30. Me ya hana su? Tsoro. Kowa ya san in ya fara, shi ma ba zai kwana ba. Suna kuma da misalai masu zafi. Yukiren ta gaji makaman nukiliya masu yawa daga Tarayyar Sobiyet, ta mayar da su Rasha bayan an ba ta tabbaci a Budafes a Disamba 1994 cewa za a girmama iyakokinta. A 2014 Rasha ta ƙwace Kirimiya, a 2022 ta auka wa ƙasar da yaƙi. Gaddafi ya watsar da shirinsa na nukiliya a Disamba 2003, a 2011 jiragen ƙasashen Yamma suka taimaka aka tumɓuke shi. Koriya ta Arewa ta riƙe nata, ba wanda ya taɓa ta. Har a Afirka an sami masu wannan tunani. A 1979 masanin nan na Kenya, Ali Mazrui, ya ba da shawara cewa ƙasashe irin su Nijeriya su nemi bom, bisa ga hujjar cewa sai makamin ya shiga hannun waɗanda manya ba su amince da su ba, sa'an nan manyan za su yarda a kawar da shi gaba ɗaya.

Wanda ya ce maganar nan ba ta da tushe bai yi adalci ba. Amma akwai matsala a cikinta wadda masu ita ba su cika son a taɓa ba. Ba za a iya tabbatar da dalilin abin da bai faru ba. Mutumin da ya rataya laya a ƙofar shagonsa, shekara 40 ɓarawo bai shiga ba, zai rantse layar ce. Mai yiwuwa mai gadi ne, mai yiwuwa maƙwabta ne, mai yiwuwa kuma ɓarawon ya zo sau biyu, wani abu ya kore shi. Tarihin da aka buɗe bayan Yaƙin Cacar Baka ya nuna ɓarawon ya zo. A Oktoba 1962, lokacin rikicin Kyuba, wani jirgin Sobiyet mai tafiya a ƙarƙashin teku ya kusa harba makamin nukiliya a kan jiragen Amurka, sai wani hafsa mai suna Vasili Arkhipov ya ƙi yarda. Ranar 26 ga Satumba 1983 na'urorin Sobiyet suka nuna Amurka ta harbo makamai, hafsan da ke bakin aiki, Stanislav Petrov, ya ce ƙarya na'ura take yi, haka kuwa ya kasance. A waɗannan lokatai biyu, tsoro shi ne ya kusa jawo harbin. Abin da ya hana shi ne mutum ɗaya da ya tsaya ya yi shakka.

Akwai kuma inda aka gwada zaton da kaɗan, aka ga sakamako. Indiya da Fakistan sun yi gwajin bom a Mayu 1998, aka ce to, yanzu dole su zauna lafiya. Shekara guda bayan haka suka yi yaƙi a duwatsun Kargil. Gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta ƙera bom shida a ɓoye, tana ganin su ne za su tsare ta. Ba su tsare ta daga Soweto ba, ba su tsare ta daga takunkumi ba. Ta kwance su da hannunta, Shugaba de Klerk kuma ya bayyana wa duniya a Maris 1993. Wannan ne ya buɗe hanyar Yarjejeniyar Pelindaba, wadda aka sa wa hannu a Alƙahira ranar 11 ga Afrilu 1996, wata uku kafin taron Yawunde, domin Afirka ta zama nahiyar da babu makamin nukiliya a cikinta.

A nan ya kamata mutumin Kamaru ko Nijeriya ko Nijar ya auna shawarar Mazrui da abin da ya same shi da gaske. Da Nijeriya tana da bom a Afrilu 2014, wa za ta jefa wa domin 'yan matan Cibok? Da Kamaru tana da shi, da ya hana hare-haren Fotokol da Kolofata? Abin da yake kashe mutane a kewayen Tafkin Cadi shi ne bindiga a kafaɗar yaro bisa babur, da bom ɗin da aka ɗaura wa yarinya a kasuwa. Wani ɓangare na makaman da suka cika Sahel kuwa daga rumbunan Gaddafi suka fito bayan 2011, sa'ad da waɗanda suka rushe gwamnatinsa suka ɗauka cewa abin da zai biyo baya zai gyara kansa. Mali ce ta fara biyan wannan a 2012.

To, in tsoro ba abin dogara ba ne, sai a koma ga takarda? Mutanen kirki da yawa suna saurin cewa i, gama takarda ta fi bom kyan gani. Amma ita ma sai an gwada ta. Kwana 17 bayan an sa hannu a kan yarjejeniyar Yawunde, soja suka yi juyin mulki a Burundi. Kafin shekarar ta ƙare yaƙi ya tashi a gabashin Zayar, sojojin maƙwabta suna ciki tsundum, a Mayu 1997 Mobutu ya gudu. A wannan shekarar aka yi yaƙin basasa a Barazabil, sojojin Angola suka shiga. A Agusta 1998 sabon yaƙi ya ɓarke a Kwango, ya ja ƙasashe da yawa ciki. Takardar tana nan a ajiye, da hatimi da komai. Ba a tanadi wanda zai bi ya duba ba, ba a kuma faɗi abin da zai sami wanda ya karya ta ba. Ita ma ta Budafes haka take. Alkawari kaya ne, amma sai in akwai mai ɗauka.

Abin mamaki shi ne, a daidai wannan lokaci Kamaru tana riƙe da wata takarda wadda ba wanda ya sa mata rai, ita ce kuwa ta yi aiki. Tun ƙarshen 1993 sojojin Nijeriya da na Kamaru suke fuskantar juna a Bakasi, an yi ta harbe-harbe, har a farkon 1996. Ga iyalan Briketeri wannan ba labarin rediyo ba ne, domin da yawa suna da 'yan'uwa a Kano da Yola da Mubi, kayan shagunansu ma ta wannan iyaka suke shigowa. A Maris 1994 Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya. Masu ganin sun san duniya suka ce banza ne, babbar ƙasa ba ta sakin ƙasa mai arzikin mai saboda maganar alƙalai. Ranar 10 ga Oktoba 2002 kotu ta ba Kamaru Bakasi. Nijeriya ta yi gunaguni ƙwarai. Amma Kofi Annan ya riƙa haɗa Obasanjo da Paul Biya, aka kafa hukumar haɗin gwiwa, ma'aikata suka bi iyakar da ta kusa kilomita 2,000 suna aunawa, suna kafa ginshiƙai, aka yi musayar ƙauyuka a wajen Tafkin Cadi tun kafin a taɓa Bakasi. A Yuni 2006 aka sa hannu a Greentree, aka tsara janyewa daki-daki, ranar 14 ga Agusta 2008 aka miƙa yankin.

Bambancin takardun nan biyu shi ne bambancin mai atamfa da mai caca. A batun Bakasi an fara da turmi ɗaya. An ba da ƙauye, an ga ko ɗaya ɓangaren zai ba da nasa, akwai shaidu, akwai ranar komawa a duba. Kada kuma a manta, wannan ma akwai waɗanda suka biya ba tare da an tambaye su ba: masunta 'yan Nijeriya da aka haifa a Bakasi, waɗanda da yawansu suka bar gidajensu suka koma zaman jira a wani wuri. Sulhun ya fi yaƙi nesa ba kusa ba, amma ba kyauta aka same shi ba.

Saura zato ɗaya, wanda ya fi sauran zama laifi, domin a nan an gwada, an sami amsa, aka rufe ido. A farkon 2002 Amurka ta aiki tsohon jakada Joseph Wilson zuwa Yamai ya binciko ko Nijar ta sayar wa Iraƙi yuraniyom daga ma'adinan Arlit. Ya komo ya ce da wuya ƙwarai hakan ta faru. Duk da haka a Janairu 2003 Shugaba Bush ya faɗa wa majalisar ƙasarsa cewa Saddam ya nemi yuraniyom a Afirka. Ranar 7 ga Maris 2003 Mohamed ElBaradei, shugaban hukumar nukiliya ta duniya, ya shaida wa Kwamitin Sulhu cewa takardun da aka dogara da su na jabu ne. Ɗaya daga cikinsu, mai kwanan watan shekarar 2000, tana ɗauke da sunan ministan harkokin wajen Nijar wanda ya bar kujerar tun wajen 1989. Kowane tsohon ma'aikaci a Yamai zai iya gane wannan kafin shayinsa ya huce. Kafin mako biyu ya cika aka fara yaƙi. Ba a sami makaman ba. Cikin waɗanda suka biya har da tsoffin jama'ar Kirista na Iraƙi, waɗanda yawancinsu suka watse cikin shekarun da suka biyo baya.

Kuskure da ƙin sani ba ɗaya ba ne. Shugaba mutum ne, dole wani lokaci ya yanke shawara cikin duhu, ba a kuwa kama shi da laifin rashin sanin gaibu. Abin da za a tambaye shi shi ne ko ya taɓa faɗi, tun kafin ya fara, irin shaidar da in ya gan ta zai janye. Wanda ba shi da amsar wannan tambaya ya riga ya yanke hukunci, hujja kawai yake nema. Irin wannan ne Hausawa suke nufi da suka ce zato zunubi.

Ikkilisiya ma ta taɓa samun kanta a wannan ma'auni. A 1983 bishop-bishop na Katolika a Amurka suka ce za a iya haƙuri da ajiye makaman nukiliya domin tsoratarwa, amma da sharaɗi: ya zama mataki ne a hanyar kawar da su. Kyan wannan matsayi shi ne ya faɗi abin da zai karya shi. Shekaru suka wuce, makaman sun ragu ƙwarai daga yawansu na da, amma a ƙididdigar 2025 akwai kimanin 12,000 a hannun ƙasashe tara, kowace kuma tana gyara nata domin su daɗe. A 2017 fadar Paparoma tana cikin na farko da suka amince da yarjejeniyar haramta makaman baki ɗaya, a Nuwamba 2019 kuma, a Hiroshima, Paparoma Francis ya ce mallakarsu ma ba daidai ba ce. Akwai Kiristoci masu hankali da ba su yarda da shi ba, suna nuna Yukiren. Gardamar ba ta ƙare ba. Amma an ga jama'ar da ta kafa sharaɗi, ta jira fiye da shekara 30, ta duba, ta sake matsayi, abin da gwamnatoci ba su cika yi ba.

Gwajin nan kuwa ba ya zaɓen wanda zai kunyata. Shekaru da yawa, duk sa'ad da jar ƙurar hamada ta sauka a Turai aka sami ɗan burbushin nukiliya a cikinta, sai a ce ga bom ɗin Reggan ya komo gida. Maganar tana da daɗi a kunnen duk wanda ya san abin da aka yi a 1960. A Maris 2022 wata babbar ƙura ta tashi daga kudancin Aljeriya ta rufe yammacin Turai, masana suka tattara ta daga wurare da dama suka auna. Sakamakon da suka buga a farkon 2025 ya nuna burbushin bai kai yawan da zai cutar da lafiya ba, kuma alamarsa ba ta yi daidai da ta bom ɗin Faransa ba. Ta yi daidai da ta manyan gwaje-gwajen da Amurka da Tarayyar Sobiyet suka yi a sararin sama a shekarun 1950 da 1960, waɗanda ƙurarsu ta zagaye duniya ta sauka a ko'ina, har cikin hamadar da ba a taɓa kai su ba.